Wasiƙa: Kafin ka yi odar sandunan golf daga waje, buga lissafin kwali da na Kwastam

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da masu sha'awar ƙwallon golf, musamman sababbin shiga a kulob-kulob na Kano, Kaduna, Zariya, Jos da Abuja. Tun da aka saki Naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa a watan Yunin 2023, kayan wasan nan suka yi tsada a shagunan kulob, jama'a kuma suka koma latsa waya suna yin oda daga Amurka, Ingila, Japan ko Dubai. Ana samun sauƙi ta wannan hanya, ba mu musa ba. Sai dai farashin da mutum ya gani a waya ba shi ne abin da zai fita daga aljihunsa ba, kuma akwai kayan da odarsu ke da riba, akwai waɗanda asara ce tun daga tushe.

Mu fara da kwali, domin nan aka fi yin tuntuɓe. Kamfanonin aika kaya ta jirgin sama ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba, suna auna wurin da kwalin zai cinye a cikin jirgi. Yawancinsu suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5,000, abin da ya fito shi ne kilo na lissafi. Idan ya fi nauyin gaskiya, shi za ka biya. Doguwar sandar bugun farko, wadda 'yan wasa ke kira direba, nauyinta bai fi giram 300 da 'yan kai ba. Amma kwalinta kan kai santimita 120 a tsawo, 15 a faɗi, 15 a tsayi. Buga lissafi: 27,000 raba 5,000, kilo 5.4 ke nan. Cikakken saiti da jakarsa kuwa, wanda a sikeli zai ba ka kilo 12 zuwa 14, yana shiga kwali mai 125 da 35 da 35, kilo 30 da ɗoriya a takardar kamfani. Ga kuma ƙarin cajin da wasu ke ɗorawa idan tsawon kwali ya zarce mita ɗaya ko mita ɗaya da santimita 20. Saboda haka jakar sanduna ba abin oda ba ce, kusan duk iska za ka biya wa kuɗin jirgi. A nemi jaka a gida, ko ta hannu ce.

Dabarar da masu gyaran sanduna ke yi ita ce sayen kai kaɗai. Direbobin zamani na TaylorMade, Callaway, Ping da Titleist ana kwance kansu daga ƙota da ɗan makulli. Kan kusan giram 200 ne, yana shiga ƙaramin kwali. Idan kana da ƙotar da ta dace da kai, sai ka sayi kai, ka ɗaura. Amma a kula, bakin ƙarfen da ke haɗa kai da ƙota na kowane kamfani daban ne, har a kamfani ɗaya yakan sauya daga wani zubi zuwa wani. A tambaya kafin a biya, kuma a sa mai sayarwa ya haɗo da makullin.

Sai Kwastam. Ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake yanka haraji ba, ana haɗa kuɗin kaya da na jigila da na inshora, sannan a juya su Naira da canjin da hukumar ke aiki da shi a ranar. A littafin haraji, sanduna suna ƙarƙashin lamba 9506.31, ƙwallaye 9506.32, sauran tarkacen golf 9506.39. Harajin bai-ɗaya na ECOWAS da Najeriya ke bi matakai biyar ne: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Ka duba lambar kayanka ka ga matakin da ta faɗa tun kafin oda. Bayan wannan akwai harajin VAT na kashi 7.5, wanda ake ɗorawa a kan jimillar har da harajin farko, ga ƙananan caji, ga ladan kamfanin da ya fito maka da kayan.

Bari mu buga misali da alƙaluman da muka ɗauka don lissafi kawai. Saitin ayan, wato sanduna masu kan ƙarfe da lambobi, na hannu a dala 400, jigila dala 150, inshora dala 10, jimilla 560. Mu ƙaddara haraji kashi 20 ne, dala 112 ke nan, an kai 672. VAT ya ƙara dala 50. Kayan dala 400 sun koma 722, ba a sa cajin banki na canjin kuɗi ba, ba a sa motar da za ta kawo su daga Legas ba idan ta can suka sauka. Da wannan 722 za ka gwada farashin shagon kulob, ba da 400 ba. Idan bambancin bai taka kara ya karya ba, saya a gida, inda za ka riƙe sanda a hannu, ka buga ƙwallo goma da ita kafin ka ƙirga kuɗi.

Akwai rangwame guda da ya kamata a sani. A watan Satumban 2025 Hukumar Kwastam ta sanar cewa ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, waɗanda suka shigo ta kamfanin aika saƙo ko a kayan fasinja, ba za a karɓi haraji a kansu ba, har sau huɗu a shekara ga mutum ɗaya. Kan direba na hannu, ko wej (gajeriyar sandar ɗaga ƙwallo sama a kusa da rami) guda biyu, ko robobin mariƙi, duk suna iya shiga nan. A tabbatar daga bakin kamfanin da zai kawo kayan, don dokokin tashar kan sauya. Abin da ba mu ba da shawara ba shi ne a sa mai sayarwa ya rage kuɗi a rasit. Jami'i yana da ikon sake ƙiyasta kayan da kansa, kuma idan sanda ta karye a hanya, inshora abin da aka rubuta kaɗai za ta biya.

A ɗaya ɓangaren, akwai harajin ƙasar da ka saya wanda bai hau kanka ba. Farashin shagunan Ingila ya ƙunshi VAT na kashi 20, shagon kirki yakan cire shi idan shi zai aika kayan kai tsaye zuwa Najeriya. Amma idan ɗan'uwanka ne ya shiga shago a Landan ya saya ya riƙo, babu maido da harajin a filin jirgi, an soke wannan tsari tun farkon 2021. A Amurka ana ƙara harajin jiha ne a kan farashin da aka rubuta, shi ya sa masu oda ke neman kamfanin tara kaya, wanda ke karɓar oda a madadinsu ya turo musu gida, mai adireshi a Delaware ko Oregon, jihohin da ba sa karɓarsa. Mai zuwa Afirka ta Kudu ko Dubai da ƙafarsa yana iya neman a maido masa VAT a filin jirgi, kashi 15 a Afirka ta Kudu, kashi 5 a Dubai, muddin ya ajiye rasit kuma shagon yana cikin tsarin.

To, ko lissafi ya fita, sandar ta dace da kai? Kafin oda, je wurin mai koyarwa na kulob ɗinku ya auna ka: tsayinka, tazarar wuyan hannunka zuwa ƙasa, da saurin bugunka. Ƙota tana da haruffa: L, A, R, S, X, daga mai laushi zuwa mai tauri. A ƙiyasi, wanda saurin direbansa ke tsakanin mil 85 da 95 a awa R ce tasa, daga nan zuwa 105 kuma S. Mutane da yawa suna sayen S don jin kai, ƙwallo ta ƙi tashi, ta riƙa karkata dama. Sandunan Japan na hannu suna da tsabta da araha, amma ƙotocin da aka yi wa kasuwarsu sun fi na Amurka laushi da rashin nauyi, S ɗinsu takan yi kusa da R ta Amurka, har suna da wata tsaka-tsaki, SR. A duba kuma harufan RH (ta mai bugu da dama) da LH (ta bahago). Sandar bahago ta fi araha sau da yawa saboda ba ta da masu nema, kuma hoto a waya yana iya ruɗin ido.

Ayan na hannu yana zuwa da tarihin mai shi na farko. Wataƙila an yanke shi, wataƙila an ƙara masa tsawo, wataƙila an lanƙwasa wuyansa. Ayan mai lamba 7 na maza tsawonsa kusan inci 37 ne, a sa mai sayarwa ya ɗora shi a kan awo ya ɗauki hoto. A sandunan Ping akwai ɗan ɗigon fenti da ke nuna kwanciyar wuya, baƙi shi ne na gama-gari, sauran launuka an karkata su ne don dogo ko gajere. A nemi hoton fuskar wej kusa-kusa. Idan zanen fuskar ya shafe a tsakiya har wurin yana ƙyalli, sandar ta gama aiki, ba za ta riƙe ƙwallo ba.

Jabu kuwa ya cika kasuwa. Ƙungiyar da manyan kamfanonin golf suka kafa a Amurka don yaƙi da shi ta ƙiyasta ana ƙera sandunan jabu kusan miliyan biyu a shekara. Kamfanonin nan suna ɗaure farashin sabon kaya a hannun dilolinsu, don haka duk wanda ya tallata maka direban bana sabo fil a leda da rabin kuɗi, ka san akwai lauje cikin naɗi. Idan kaya sun iso, ga gwajin gida: kara maganaɗisu a fuskar direba. Fuskar gaske da titaniyam ake yin ta, a wasu zubin da kabon, dukansu ba sa kama maganaɗisu, na jabu kuwa sau da yawa baƙin ƙarfe ne, zai manne. Ɗora kan a sikelin kicin ka ga ko ya yi nisa da giram 200. Shinshina robar mariƙi, ta jabu tana warin taya. Dubi fentin rubutu ko ya zubo waje, ka dubi zoben roba da ke wuya ko akwai rata ko ragowar gam. Lambar siriyal ba hujja ba ce ita kaɗai, masu jabu ma suna bugawa. Mafi sauƙi a saya daga sashen kayan hannu na kamfanin kansa ko babban shagon da ke ba da tabbacin maido kuɗi, kuma a biya da kati ko PayPal a matsayin sayen kaya. Wanda ya tura kuɗi asusun wani mutum kai tsaye ba shi da inda zai kai ƙara.

Wa'adin maido kaya yakan fara ƙirguwa ne ranar da suka isa ɗakin ajiyar kamfanin tara kaya, ba ranar da suka iso Kano ba. A biya 'yan daloli su buɗe su ɗauki hoto tun suna can. Garanti ma galibi na yankin da aka sayar ne, idan fuskar direba ta tsage kuɗin mayar da shi yana wuyanka.

Wani abu da mai shago a Turai ba zai faɗa maka ba: ƙasarmu ba irin tasu ba ce. Da rani filayen Arewa sukan bushe su yi tauri, ga tsakuwa, ga jar ƙasa. Wej mai tudun gindi sosai, wanda ake auna tudunsa da digiri 12 zuwa 14, an yi shi don ciyawa mai laushi da yashi mai zurfi. A ƙasa mai tauri sai ya yi tsalle ya sari ƙwallo a ciki, ta wuce rami da gudu. Mai digiri 6 zuwa 8 ya fi dacewa da mu. Ayan na ƙarfe mai laushi da ƙwararru ke so yana saurin ƙujewa a tsakuwa, na zubi ya fi jure wahala. Ƙwallo mai tsada mai laushin fata irin Pro V1 nan da nan take yagewa, mai koyo ya nemi mai taurin fata, mai ɓawo biyu. Kuma ƙwallo nauyi gare ta, kowace kusan giram 46, dozin ya haura rabin kilo, odar ta da yawa ta jirgi ba riba. A guji waɗanda aka tsamo daga tafki aka sake musu fenti.

Abin da muke ganin ya fi cancantar oda shi ne robar mariƙi. Kowace kusan giram 50 ce, goma sha uku sun ishi saiti, fota, sandar gangara ƙwallo cikin rami, tana da irin tata daban. Hunturu yana busar da su, zafin but ɗin mota yana cinye su, har gam ɗin da ke riƙe kai yana sassautawa, don haka a daina barin jaka a mota da rana. Da tef mai manne biyu da ɗan sinadarin tsarma fenti, mai gyara zai sauya su duka cikin awa guda. Safar hannu ma ba ta da nauyi, a tuna dai mai bugu da dama ta hagu yake sawa. Takalmi kuma lamba 9 ta Ingila takan yi daidai da 9.5 ko 10 ta Amurka, ya danganta da kamfani.

Idan matafiyi ne zai riƙo cikakken saiti, a tambayi kamfanin jirgi ko jakar golf tana cikin kilo 23 da aka ba shi ko kuɗinta daban. A kwance kan direba a naɗe shi cikin kaya, a juya kawunan ayan ciki a ɗaure su da tawul, a tsayar da sandar tsintsiya wadda ta fi kowace sanda tsawo a tsakiyar jaka, don idan aka jefar da ita ta kai, itacen ya sha dukan. Dokar wasa sanduna 14 ta yarda a ɗauka, amma mai koyo bakwai ko takwas sun ishe shi shekarar farko, kuma rabin saiti yana shiga siririn kwali.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu koyar da golf da gyaran sanduna,
Kaduna.