Shafukan Intanet na Hukumomin Gwamnati: Wa Ke Riƙe da Makulli Bayan Bikin Ƙaddamarwa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman alfarmar ɗan fili a jaridarku domin in yi tsokaci a kan yadda ma'aikatu da hukumomin gwamnati suke tafiyar da shafukansu na intanet, lamarin da ya daɗe yana sosa mini rai. Kwanakin baya na buɗe shafin wata hukuma ina neman sharuɗɗan sabunta wata takardar izini. Tun kafin shafin ya gama buɗewa, wayata ta fito da gargaɗi cewa hanyar ba ta da tsaro. Na daure na shiga, sai na tarar da hoton shugaban da ya bar kujera tun da daɗewa, da lambar wayar da ba ta shiga, da adireshin imel na Gmail a matsayin hanyar tuntuɓar ofishin. Sharuɗɗan da nake nema kuwa hoton takarda ne da aka ɗauka a karkace, hatimi ya hau kan adadin kuɗin da za a biya.

Abin da nake so masu karatu su sani shi ne, irin wannan sakaci saɓa wa doka ne. Sashe na 2 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a shekarar 2011, ya wajabta wa kowace hukuma ta wallafa bayanin ayyukanta da tsarinta da takardun da take aiki da su, ta hanyoyin da suka haɗa da intanet, kuma ta sabunta su da zarar an samu canji, ba sai wani ya rubuto ya nema ba. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 001 na watan Mayun 2017 ya ƙara da cewa kowace hukuma ta saka cikakken jerin sharuɗɗa da kuɗi da wa'adin kowane aiki a shafinta, sannan idan jerin da aka wallafa ya saɓa da wani da ba a wallafa ba, wanda aka wallafa ne abin bi. Wannan tanadi yana da nauyi ƙwarai, domin ma'anarsa ita ce rubutun da ke kan shafin yana ɗaure ma'aikacin da ke zaune a bayan tebur. Shafin da aka bari ya tsufa yana ƙwace wa talaka wannan hujja, ya mayar da shi hannun 'yan na-kama da ke tsaye a bakin ƙofa.

A ganina, tushen matsalar yana wajen mallakar shafin. Akan ba ɗan kwangila aiki, ya gina, a yanka kirtani a yi tafi, a biya shi kuɗinsa, daga nan kowa ya kama gabansa. Sunan adireshin yana rajiste da imel ɗinsa, kalmomin sirrin uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, suna cikin wayarsa, babu wani ma'aikacin hukumar da ya san ranar da kuɗin hayar adireshin da uwar garken zai ƙare. Ranar da aka ɓata da shi, ko ya bar sana'ar, hukuma sukutum takan wayi gari ba ta iya gyara ko da harafi ɗaya a shafin da ke ɗauke da sunanta. Saboda gudun irin wannan ne aka keɓe wa gwamnati adireshin da ke ƙarewa da .gov.ng, wanda hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wato NITDA, da dokarta ta 2007 ta ba ikon tsara ƙa'idojin fasahar zamani, take kula da bayar da shi. Kowa na iya sayen adireshin .com cikin 'yan mintuna, har da ɗan damfarar da ke buɗe shafin ɗaukar ma'aikata na bogi da tambarin gwamnati. Duk hukumar da ta zauna a kan irin wannan adireshi ta hana jama'a hanya mafi sauƙi ta bambance na gaske da jabu. Ya kamata kowace yarjejeniyar kwangila ta fayyace cewa adireshi da kalmomin sirri da ainihin rubutun manhajar mallakar hukuma ne, kuma sai an miƙa su a rubuce kafin a biya kason ƙarshe.

Batun gargaɗin da wayata ta nuna ya fi komai sauƙin magani. Takardar shaidar tsaro da ke sa adireshi ya fara da HTTPS tana da wa'adi, ana samun ta kyauta daga Let's Encrypt, wata cibiya mai bayar da irin waɗannan takardu, kuma ana iya saita uwar garke ta riƙa sabunta ta da kanta. Tun watan Yulin 2018 manhajar buɗe shafukan intanet ta Chrome take yi wa shafukan da ba su da ita alamar rashin tsaro. Mantuwa da sabunta takardar ba ta tsaya ga ƙasashe masu tasowa ba: lokacin da ayyukan gwamnatin Amurka suka tsaya na kwana 35 daga Disambar 2018 zuwa Janairun 2019, takardun tsaron shafukan gwamnati da dama sun ƙare saboda babu ma'aikacin da zai sabunta su. Abin da ya fi damuna shi ne mutane suna sabawa da danna “ci gaba” a kan gargaɗi saboda shafin gwamnati ya koya musu haka, su kuma ɗauki wannan ɗabi'a zuwa shafin ɓarawo.

Shafukan nan kuwa ba labari kaɗai suke ɗauke da shi ba, suna karɓar lambar shaidar ɗan ƙasa da hoto da ranar haihuwa da lambar asusun banki. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi hukumomin gwamnati kamar yadda ta shafi kamfanoni. Ta ce a gaya wa mutum dalilin karɓar bayanansa, kada a karɓi fiye da abin da aikin yake buƙata, kada a ajiye fiye da lokacin da ya dace, kuma idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin awa 72. Hukumar da ba ta sabunta manhajarta, ba ta ajiye kwafi a wani wuri dabam, ba ta kuma duba rajistar masu shiga da fita, ta yaya za ta san an yi mata kutse, balle ta cika wannan wa'adi? Na sha ganin jerin sunayen waɗanda aka tantance domin ɗaukar aiki an wallafa shi tare da lambobin wayarsu, wanda hakan tamkar miƙa wa mazambata adireshin masu neman aiki ne.

Sai batun masu buƙata ta musamman, wanda aka fi mantawa da shi. Ina da aboki makaho da ke amfani da manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo. Na zauna kusa da shi yana bin irin takardar da na ambata a sama, muryar ta ce “hoto”, ta yi shiru. Shafi goma na sanarwa, abin da ya samu ke nan. Sashe na 9 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, ya ambaci intanet da sunanta. Ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafuka, wato WCAG, da ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fitar, sun bayyana abin da ake bukata dalla-dalla: kowane hoto ya samu bayani a rubuce, a iya cike fom da madannai ba tare da linzamin kwamfuta ba, bidiyo ya zo da rubutun abin da ake faɗa saboda kurame, launin rubutu kuma ya fita sosai daga launin bango. Tun 2016 Tarayyar Turai ta mayar da wannan wajibi a kan shafukan hukumominta, har da sharaɗin wallafa bayanin inda shafin ya gaza da hanyar kai ƙorafi. Shafin da aka gina a kan wannan tsari yakan zama mara nauyi, don haka mai ƙaramar waya da ƙarancin data ma ya amfana.

Kirana ga shugabannin hukumomi shi ne kowannensu ya naɗa jami'i guda, a rubuta muƙaminsa da imel ɗin ofis a ƙasan shafin, a kuma ware wa kulawar shafin layi nata a kasafin kowace shekara maimakon a jira sai ya mutu a sake bayar da kwangilar sabo. Ku kuma, Malam Edita, ina roƙon ku sa wakilinku ya zaɓi hukumomi ashirin, ya duba adireshinsu da takardar tsaronsu da ranar da aka yi sabuntawar ƙarshe, ya aika saƙo ta imel ɗin da suka rubuta, sannan ku buga mana sunayen waɗanda suka amsa cikin kwana bakwai da dokar 2011 ta tanada.

Wassalam.

Daga mai karanta jaridarku a kullum.