Wasiƙar godiya ga shagon da ya ba mu hayar kayan zango

Zuwa ga manaja da ɗaukacin ma'aikata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a, domin godiyar da na yi a bakin ƙofarku ranar da na mayar da kaya ba ta kai girman abin da aka yi mini ba.

Tun hutun bara yarana suka matsa mini lamba cewa sai mun je mun kwana a daji cikin tanti, ni kuwa tun da nake ban taɓa kafa tanti ba. Mu shida ne: ni da mai ɗakina da yara huɗu, autarsu 'yar shekara 5. Kafin in zo wurinku na shiga shaguna biyu waɗanda ba zan ambaci sunansu ba. A na farko, yaron shagon bai ko ɗaga kai daga wayarsa ba, da leɓe ya nuna mini tanti mafi tsada. A na biyu an miƙo mini wani a ƙunshe, aka ce ba a buɗewa sai an biya, da na tambaya ko yana tare ruwan sama sai aka ce mini, “Ai tanti ne.” Saura ƙiris in ce wa yara an fasa tafiyar.

A wurinku na tarar da dattijon da ke kula da sashen haya. Na ce, “Baba, tanti na mutum shida nake so.” Ya ce, “Malam, kafin mu taɓa kaya, ina za ku, a wane wata, kwana nawa, kuma mota tana isa wurin?” Sai da ya gama jin amsoshina sannan ya bayyana mini cewa adadin da ake rubutawa a jikin jaka na mutanen da suka kwanta ne kafaɗa da kafaɗa, ba a lissafa kayansu ba, don haka na mutum takwas ya fi dacewa da mu. Ya warware shi a gabana, muka ƙirga sanduna da turaku tare, ya gwada kowane zif, ya kuma nuna mini inda aka rubuta milimita 3,000, wato tsayin ruwan da yadin zai iya ɗauka a kansa kafin ya fara yoyo. Daga nan ya fita da ni fili ya ce in kafa shi da hannuna. Sau biyu tantin yana rushe mini. Baba bai karɓe aikin ba, illa dai ya nuna mini yadda ake karkata turke, kansa na kallon nesa da tanti, don kada igiya ta tumɓuke shi idan iska ta taso.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da kansa ya soke wata babbar fitila da wasu kujeru daga takardar da na zo da ita, ya ce nauyi kawai za su ƙara mana. A madadinsu ya dage sai na ɗauki shimfiɗar soso ga kowa, wadda na yi niyyar tsallakewa, domin ƙasa tana zuƙe ɗumin jikin mai barci komai kaurin bargon da ya rufa da shi. Ya kuma tuna mini cewa wurin da za mu yana kan tudu, kuma zafi yakan ragu da kusan digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000.

A nan ne na yi suɓutar bakin da nake gode wa Allah da na yi ta a gabansa. Na ce idan sanyi ya tsananta sai mu shigar da kaskon gawayi cikin tanti. Nan take fuskarsa ta canza. Ya ce, “Malam, don girman Allah kada ka kuskura.” Ya bayyana mini cewa gawayi da risho da murhun gas duk suna iya fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, takan kashe mutane suna cikin barci, kuma garwashin da ake ganin ya mutu ma bai daina fitar da ita ba. A dare na biyu an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sanyi ya sauko, ga kasko a waje da sauran wuta a cikinsa. Na san abin da da na aikata in da ban ji wannan gargaɗi ba.

Sauran shawarwarinsa mun bi su ɗaya bayan ɗaya: mun isa da sauran rana, mun kafa tanti kimanin mita 60 daga bakin rafi, mun guji busasshen kwari da ƙarƙashin matattun rassa, mun tanadi lita 4 na ruwa ga kowane mutum a yini, kowane yaro kuma da usur a wuyansa. Karɓar kaya da mayar mini da kuɗin ajiya ba su ɗauki minti goma ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda irin wannan mu'amala ta zama abin mamaki. A wurare da yawa mai saye ba shi da daraja sai lokacin da yake ƙirga kuɗi, tambaya kuwa ana ɗaukarta raini ko ɓata lokaci. Ana ɗora matasa kan kayan da ba a koya musu amfaninsu ba, alhali wasu kayan, kamar murhun da za a kunna kusa da yara, kuskure a kansu rai yake ci. Ban ga laifin yaron shagon farko sosai ba, na fi ganin na wanda ya ajiye shi a wurin bai horar da shi ba.

Ina roƙon manaja ya isar da gaisuwata ga Baba, ya kuma shaida masa cewa turken nan guda da ya ɓata, wanda ya ce in bar shi, mun tsince shi a cikin jakar auta, zan kawo shi ranar Asabar in Allah ya kai mu.

Naku,
Wani magidanci mai yara huɗu