Kwaɗon Kamaru ba abin dariya ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi raina ya ɓaci da shirinku na daren Asabar. Kusan minti goma kuka ɗauka a kan ƙaton kwaɗon nan namu na Kamaru da ake kira Goliath, amma duk a kan ƙyalƙyala dariya da tambayar ko namansa ya fi na kaza kuka ƙare. Ko sau ɗaya ba ku gaya wa masu sauraro cewa ƙarewa yake yi ba.

Ni fiye da shekara 20 ke nan ina jigilar kaya tsakanin Douala da Nkongsamba. A da, in ka iso wajen Penja da Loum, sai ka ga samari a bakin titi sun ɗago shi ta ƙafa, wani kamar ɗan akuyar da aka haifa yau. Yanzu fa? Ƙanana suke ɗagowa, su ma sai an dace. Da tocila da raga ake bin rafi cikin dare, kuma manyan ake fara kwashewa. To in an cinye iyaye, wa zai saka ƙwai? Ga daji ana sarewa ana shuka koko da kwakwar manja, ga maganin feshi na gangarawa cikin ruwa, shi kuwa ba ya rayuwa sai a ruwa mai gudu mai tsabta.

Ni ban taɓa kai shi baki ba, amma halittar Allah ce da babu irinta sai a Kamaru da Ikwatoriyal Gini. Yakan haura kilo 3, duk duniya ba kwaɗon da ya kai shi. A 2019 masana sun gano a rafin Mpoula, nan kusa da Penja, cewa ture duwatsu yake yi, wasu har kusan kilo 2, ya haɗa wa ƙwansa ɗan tafki, ya kwana yana gadi. Dabbar da ke wa 'ya'yanta wannan hidima kuka mayar abin barkwanci! Tun 2004 hukumar IUCN mai kare halittun duniya ta sa shi cikin masu fuskantar ɓacewa. Don Allah ku sake shirin, ku gayyato wanda ya san rafukan nan.

Sannan kuma, tun azumi na aiko saƙo har uku a filin gaishe-gaishe, ba a karanta ko ɗaya ba. Mu Hausawan Kamaru ba masu sauraronku ba ne?

Naku,
Mai sauraro daga Nkongsamba