Amsa ga mai jita, daga wanda ya kira mai jita-jita

Ƙanena, assalamu alaikum.

Na ga tambayar da ka jefa mini a bainar jama'a bayan shirinmu na daren Asabar, inda a jerin gwanayen jita na sa B.B. King, baƙar fata, a gaban Turawa Eric Clapton da Eddie Van Halen. Ka ce da wane ma'auni na auna, ni da ban taɓa riƙe jita ba? Ka ce launin fata na bi. Har laƙabi ka liƙa mini: kai mai jita, ni mai jita-jita. Laƙabin ya ba ni dariya, Allah ya ƙara basira. Maganar launin fata kuwa ita ta hana ni barci.

Shekara 22 ina sa faifai a gidan rediyo, tun zamanin da muke juya kaset da biro, ba a taɓa jifana da wannan ba. Da ka daure ka ji shirin har ƙarshe, da ka ji Turawa Jeff Beck da Stevie Ray Vaughan, kuma ban ji labarin sun sauya launi ba. Amma tunda ka taso da ita, mu yi ta. Kiɗan buluz a gonakin audugar kudancin Amurka ya tsiro, a hannun jikokin bayi, kuma daga cikinsa rok ya fito. Ba ni na rubuta tarihin ba. Samarin Ingila da kake ji da su sun fi ka sanin haka: 'yan Rolling Stones daga waƙar Muddy Waters suka ciro sunansu, Clapton kuma a 2004 faifai guda ya yi na waƙoƙin Robert Johnson zalla, mutumin da ya rasu tun 1938.

Nemo faifan da Clapton ya yi tare da King a 2000, ka dubi hoton bangon. Mota ce buɗaɗɗiya, dattijo King ya kishingiɗa a kujerar baya, Clapton na riƙe da sitiyari. Gwanin naka da kansa ya zaɓi zama direba. Ni ne zan hana shi?

A kan Jimi Hendrix ba mu da rigima, ni da kai mun sa shi a gaba. Ko Clapton bai yi musu ba tun daren 1966 da bahagon ya hau dandamali tare da ƙungiyar su Clapton a Landan, a lokacin da masoya ke rubuta wa Clapton kirarin saɓo a bango, irin wanda bakina ba zai maimaita ba.

Inda muka rabu shi ne gudu. Kai kana ƙirga sautin da yatsa ya zuba cikin daƙiƙa ɗaya, kuma a nan Van Halen ya wuce tsara, ban musa ba. King kuwa sai ya danna tsirkiya ɗaya, ya karkaɗa hannun hagu, ya bar sautin yana rawa kamar muryar mai shirin kuka. Sa'annan ya yi shiru. In yana waƙa jitar ta saurara, in ya tsaya ita ta amsa masa. Ko daga bayan katanga ka jiyo sauti biyu, ka san shi ne. Jitar ma suna gare ta, Lucille, tun ranar da wasu maza biyu suka yi faɗa kan wata mace mai wannan suna a gidan rawa a Arkansas, suka kifar da garwar kananzir, wuta ta tashi, shi kuma ya koma cikin hayaƙi ya ɗauko kayan kiɗansa. Ɗan Maraya Jos, da suka rasu shekara ɗaya da King, 2015, tsirkiya nawa ce a kuntiginsa? Ɗaya. Je ka ce masa bai kai ba.

Batun ban taɓa riƙe jita ba, gaskiya ne. Ban taɓa tuƙa tuwo ba, amma in ya yi gudaji ina ganewa.

Jerin mujallar Rolling Stone da ka kafa hujja da shi kuma, na 2011 ka ɗauko, inda Clapton ke na 2. A na 2023 ya sauka zuwa na 35, King na 8. Ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi, ba laifi, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da ya fi ci mini rai ma ya wuce kai. Samarinmu sun haddace sunan kowane makaɗi na Landan, amma ka ce Ali Farka Touré na Niafunke a Mali sai su yi maka zuru. Bombino ɗan Agadas ne, nan kusa. Mdou Moctar ɗan Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, shi ma bahago ne, yau yana cika ɗakunan kiɗa a Amurka. Sai da Turawa suka tafa muka waiwaya, wasu har yanzu ba su waiwaya ba.

Na kuma lura tallan darasin koyon jitarka na manne a ƙarƙashin tambayar, har da farashi. Allah ya kawo ɗalibai. Da ka roƙa, da na sanar kyauta.

Asabar mai zuwa ƙarfe tara ina nan. Zo da jitarka, zan ba ka minti biyar, amma tsirkiya ɗaya za ka taɓa.

Yayanka,
Mai jita-jita