Godiya Ga Shagon Gyaran Jita Na Sabon Gari, Masu Awo Kafin Huji

Zuwa ga Maigidan shagon gyaran kayan kiɗa da ke Sabon Garin Zariya, da yaran shago baki ɗaya.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, mu masu kaɗa jitar lantarki a wuraren biki da coci-coci da ɗakunan ɗaukar sauti, daga Wusasa zuwa Tudun Wada har Samaru, muka ga ya dace mu rubuto wannan takarda a bainar jama'a. Yaba kyauta tukwici. Abin da muke yabawa aiki ne da mai kallo daga nesa zai raina: sauya makullan jita, wato ƙarafan nan shida na kan jita da ake murɗawa a ɗaure waya ko a sassauta ta. Wanda bai sani ba gani yake kwance noti ne da ɗaure noti. Wanda ya sani kuwa ya san a nan ake kashe jita, kuma yawanci a kan abin da bai kai milimita ɗaya da rabi ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Ramukan da ake hudawa a kan jita ba girmansu ɗaya ba. Makullai irin na dā, samfurin Kluson da Fender ta yi ta sakawa a shekarun 1950 da farkon 1960, suna zama ne a rami mai faɗin 11/32 na inci, kusan milimita 8.7, kuma bushin ɗinsu, wato zoben ƙarfen da ke zama a cikin bakin ramin, dannawa ake yi ya shige daga gaba. Na zamani masu rufaffen gida, irin su Grover Rotomatic da Schaller M6 da yawancin na Gotoh, rami mai milimita 10 suke so, bushin ɗinsu kuma mai zare ne, ɗaurawa ake yi kamar noti. Tsakanin biyun akwai tazarar kusan milimita 1.3. Ido ba ya raba su, musamman idan fenti ya taru a bakin ramin. Galibin jitocin da ke shigowa garin nan na hannu ne, wasu sun bi ta hannun masu gyara biyu ko uku kafin su iso, don haka sunan kamfanin da ke rubuce a kai ba ya gaya maka girman ramin da ke ƙasan makulli.

Abu na farko da muke gode muku a kai shi ne ba ku yarda da wannan suna, ba ku kuma yarda da abin da aka rubuta a kwali. Sai kun cire makulli ɗaya kun sa kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu, kun auna ramin ta gaba kun auna ta baya. Auna fuska biyun ba ƙaƙale ba ne. Akwai jitoci da yawa masu rami mai hawa biyu, milimita 10 ta baya inda gidan makulli ke shiga, ta gaba kuma ya tsuke don bushin kawai. Wanda ya auna gefe ɗaya ya aika Legas a kawo masa kaya, sai kayan sun zo ya ga ba su shiga. Kuna kuma auna kaurin kan jitar, wanda yawanci yake tsakanin milimita 14 da 15, domin turke, wato sandar da waya ke naɗuwa a jikinta, idan ya yi gajarta ramin zura waya zai nutse a cikin bushin. A jita mai makullai shida a jere kamar Stratocaster ko Telecaster, kuna auna tazarar tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi. A tsarin Fender na dā tazarar kusan milimita 23.8 ce, kuma manyan makullan da aka yi don jita mai uku nan uku can, irin Les Paul, sukan gogi juna idan aka cusa su a wannan jeri, har yatsa ya rasa wurin murɗawa.

Sai batun faɗaɗa rami, inda muka fi ganin bambancinku da wasu. Mai gaggawa injin huji yake ɗauka da baki mai milimita 10 ya danna cikin tsohon rami. Bakin huji na ƙarfe an yi shi ne ya fara rami a inda babu rami. Idan ya tarar da rami a buɗe, gefunansa ne ke cafkar katako, sai ya fizgi kansa ciki da ƙarfi, ya ɓantare fenti, ya karkace, wani lokacin ya tsaga kan jitar. A jita mai shida a jere abin ya fi muni, domin ramukan suna bin tsawon jijiyar katako, tsaga na tashi daga rami ɗaya ta faɗa na gaba. Ku kuwa rima kuke sawa, ƙarfen nan mai tsini da kaifi a jiki da ake juyawa da hannu. Kuna manna tef a jikinta daidai inda faɗinta ya kai milimita 10, ku juya kaɗan, ku zare, ku gwada makulli, ku sake juyawa. Kuma ta baya kuke ci, tun da gidan makulli ne ke bukatar faɗin, zaren bushin na gaba kusan milimita 8 ne, tsohon rami ma ya ishe shi. Ta haka fuskar jita ke fita ba a taɓa ta ba. Rami shida na iya cin rabin awa a wannan hanya. Injin huji zai gama a minti biyu, amma katakon da ya ci ba ya dawowa.

Mun kuma lura ba ku fara rima sai kun gaya wa mai jita cewa wannan tafiya ce da ba a juyowa cikin sauƙi, kuma idan jitar tsohuwa ce mai daraja, faɗaɗa ramin na rage mata kuɗi. Sau da yawa shawararku ita ce a nemo makulli mai kyau da ya dace da ramin da ke akwai. Wannan shawara tana rage muku kuɗin aiki, mun sani, shi ya sa muka ambace ta.

Akasin haka ma yana faruwa: rami milimita 10, mai jita kuma yana son makullai irin na dā don sauƙin nauyi ko don kyan gani. A nan ana sa bushin na musamman mai kaurin jiki, wanda wajensa ya cika babban ramin, cikinsa kuma ya rungumi turke. Tarkon da ke ciki shi ne turaku iri biyu ne, akwai mai milimita 6, akwai mai rubu'in inci, wato 6.35. Turke mai 6.35 ba zai shiga bushin mai 6 ba, wannan da sauƙi, nan take ake gani. Mai 6 a cikin bushin mai 6.35 shi ne mugun, domin yana shiga lafiya lau, sai an ɗaure waya ya kwanta gefe. Wayoyi shida masu lambar kauri 10 zuwa 46 suna jan abin da ya kai kusan kilo 45 gaba ɗaya, kuma turken da ya karkace ƙarƙashin wannan ja yana cin haƙoran giya a hankali har makulli ya fara yin wasa. Ku kan auna turken ma kafin ku zaɓi bushin. Mun ga ana naɗa takarda ko salatif a cike gibi a wasu wurare, abin da ba ya wuce damina ɗaya.

Cire tsohon bushin da saka sabo ma da nasu ladabin. Ba ku sa bakin sukundireba ƙarƙashin leɓensa ku ɓanɓaro, domin fenti ne ke biyo shi. Kuna zagaye gefensa da reza a hankali, ku kifa kan jitar a kan guntun katako mai rami, ku turo bushin ta baya da sandar ƙarfe da ta yi daidai da shi. Wajen sakawa, matsin kafinta kuke amfani da shi da katako a sama da ƙasa, ba guduma ba. Idan ya ƙi shiga da matsi matsakaici, sai ku tsaya ku goge fentin da ya taru a cikin ramin, domin bushin da aka tilasta shi weji ne, aikin da weji ke yi wa itacen girki shi zai yi wa kan jita.

A nan ne sanin garinmu ya yi muku rana. Katako yana shan laima da damina ya kumbura, ya bushe da hunturu ya tsuke, kuma iskar Disamba zuwa Fabrairu a Zariya ba ta barin komai da danshi. Bushin da ya zauna daram a watan Agusta yana iya fara ɗagowa a Janairu, notin da aka ɗaure ya saki, ƙananan sukurori su yi lako-lako. Shi ya sa muke jin daɗin yadda kuke ce wa mutum ya dawo da jitar idan sanyi ya shigo a sake bi da soket mai lamba 10. Kuma da yatsu kuke riƙe soket ɗin, ba da doguwar sifana ba, domin zaren bushin siriri ne, ƙarfi kaɗan ya wuce kima sai ya tsinke ko washa ta nutse a fenti. Ramin da ya yi wa bushin yawa kaɗan, kuna shafa masa sufa gulu siriri a bango, ku bari ya bushe sarai kafin ku danna. Ba ku manne bushin da katako, don wata rana wani zai so cire shi.

Ƙananan sukurorin baya su ne suka fi sa mai gyara kuka. Wuyan yawancin jitoci irin Fender katakon mefil ne, mai tauri sosai, sukurorin kuma ƙanana ne masu laushin ƙarfe. Wanda ya murɗa ba tare da ya fara huda musu hanya ba, kan sukurun ne zai rage a hannunsa, jikin ya maƙale a ciki. Ku kan jera makullan duka shida, ku ɗora rula a gefensu su miƙe, ku ɗaure noti sama-sama, sannan ku yi alama da tsinin ƙarfe. Hujin da baki mai milimita 1.5 kuke yi, da tef a jiki a matsayin iyaka don kada ya ɓullo ta fuska, ku goga wa sukurun kyandir ko busasshen sabulu. Tsofaffin ramuka kuna cike su da tsinken sakace da farin gam na kafintoci, ku bari ya kwana. Makullan Fender na zamani ba su da sukuru, ƙusoshi biyu ne ƙanana a ƙarƙashin gida, kuma mun ga kuna yin ma'auni na katako don ramukansu maimakon kintace. Ga wanda ba ya son sabon rami ko ɗaya, kun san da farantin ƙarfe na kamfanin Hipshot da ke riƙe makullai ba tare da sukuru ba.

Sai abin da ya fi duk waɗannan a wurinmu. Mutum yakan shigo da kuɗi a hannu ya ce jitarsa ba ta riƙe sauti, a sauya masa makullai, ku kuma ku duba ku ce makullan lafiyarsu ƙalau. Gaskiya kuka faɗa masa. Yadda aka ƙera giyar makulli, jan waya ba ya iya juya ta baya sai ta lalace ƙwarai. Laifin yawanci yana wurin matashi, farin ƙashi ko robar nan mai tsagi shida a ƙarshen wuya: tsagin ya matse waya, ƙurar hunturu ta ƙara cika shi, sai ka ji wani ɗan ƙas lokacin da kake murɗawa. Gyara tsagi da goga bakin fensir a ciki sun isa. Ko kuma naɗi ne ya yi yawa ya hau kan juna. Zagaye biyu zuwa uku a kan wayoyi masu kauri, huɗu ko biyar a kan sirara, kowanne ƙarƙashin na baya, sannan a ja sabuwar waya da hannu ta gama miƙewa. Kuna kuma bayyana cewa lambar 18:1 a kwali tana nufin murɗi 18 ne ke juya turke sau ɗaya, ta fi 14:1 sauƙin daidaita sauti, amma ba ta ƙara riƙo. Makulli mai kulle waya amfaninsa shi ne yana kawar da naɗi, yana saurin sauya waya, yana taimakon mai yawan wasa da sandar girgiza sauti. Ga mai jita irin SG kuma kuna gargaɗin cewa makullai masu nauyi suna sa kanta ya riƙa rinjaya ƙasa idan an rataya ta.

Roƙonmu biyu ne, Maigida. Na ɗaya, a riƙa rubuta wa mai jita awon raminsa da na turke a jikin rasit, don ko ya yi tafiya ya san abin da zai saya. Na biyu, idan za a yi odar kaya, a haɗo da na 'yan bahago, domin makullan shida a jere ɓangare gare su, na dama ba ya zama a jitar hagu.

Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci hannu, ya sa yaran shago su gaji wannan haƙuri.

Mu ne naku,
wasu makaɗan jita da masu kula da kayan sauti a Zariya da kewaye.