Malam Edita, ku nemo mana malaman tsarin mulki su yi mana bayani da Hausa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya kuma haƙuri da mu masu karatu. Ni mai sayar da kayan gini ne a nan Jos, ban yi karatun lauya ba, daga sakandare kasuwa na shiga, amma akwai maganar da ta daɗe tana ci na a rai kuma na ga babu inda ya dace in kai ta sai wurinku tunda jaridarku da harshenmu take fita.

Bara da hunturu aka kama ɗan yayata, yaro ne ɗan shekara ashirin da ɗoriya mai gyaran waya. Wani aikin kwalbati ne aka fara a layinsu aka bar shi rabi da rabi, damina ta zo ruwa ya shiga gidajen mutane, shi kuma ya ɗauki hoto ya sa a Facebook ya rubuta abin da ya rubuta. Wanda aikin yake hannunsa mutum ne mai faɗa a ji, ba zan kama suna ba, ya kai ƙara, bayan la'asar aka zo shago aka tafi da yaron da wayarsa. Wallahi Malam Edita ba zan manta daren nan ba, kowa ya san sanyin Jos in ya sauko, yayata na zaune a kan benci a ƙofar caji ofis ta lulluɓa da mayafi biyu, ta rungume kular abinci a cinya har tuwon ya sandare ba a bari ta miƙa masa ba, mu kuma maza muna tsaye cirko-cirko kowa na kawo tasa, wani ya ce a je a ba mai ƙara haƙuri, wani ya ce a haɗa kuɗi kawai a kashe maganar. A cikinmu mu wajen takwas babu ko ɗaya da ya san ko abin da yaron ya yi laifi ne ko ba laifi ba ne. Wannan rashin sanin shi ya fi komai yi mini ciwo.

Da safe wani maƙwabcinmu ya kira wani malamin jami'a da suke sallah masallaci ɗaya, mai koyar da dokar tsarin mulki. Ya zo a wata tsohuwar mota, da hular sanyi a kansa, a hannunsa ɗan ƙaramin kundin tsarin mulki wanda bangonsa ya yage an liƙe da salatif, gefen shafukan duk rubutun biro ne. Bai ɗaga murya ba, bai yi wa kowa barazana ba, ya gaisa da jami'an cikin mutunci sannan ya ce a nuna masa rubutun. Ya karanta sau biyu. Sai ya juyo wurin yayata ya ce, Hajiya ki kwantar da hankalinki, hoton nan da tambayar da ya yi cewa ina kuɗin aikin suka shiga, haƙƙinsa ne, sashe na 39 ya ba shi. Da aka fito da yaron kuma sai ya dube shi ya ce, amma kai ɗana, layin ƙarshe da ka kira mutum ɓarawo, kana da takarda a hannu? Yaro ya sunkuyar da kai. Ya ce to nan ne ka ba da ƙofa, ka goge shi, sauran kuma kada ka taɓa. A nan ne na fara jin cewa sashe na 35 ya ce wanda aka kama a gaya masa dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, kuma in akwai kotu a tsakanin kilomita 40 to a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya. Shekarata hamsin da wani abu a ƙasar nan ban taɓa jin haka ba. Kafin azahar an ba da belinsa, malamin ko kuɗin mai ya ƙi karɓa.

Tun daga ranar na riƙa zuwa gaishe shi, kuma a bakinsa na gane irin doguwar hanyar da mutum ke bi kafin ya zama abin da ya zama. Shekara 5 a jami'a kafin digirin farko na lauya, shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi irin ta Bwari ko ta Bagauda, hidimar ƙasa, sannan digiri na biyu, sannan na uku wanda wani sai ya yi shekaru yana fama, sannan a fara hawa matakala daga ƙaramin lakcara, kowane mataki sai ka nuna rubuce-rubucen da ka wallafa, ga aji cike da ɗalibai ga makin jarrabawa, ga yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata 8. Abokan karatunsa da suka buɗe ofishin lauya a Abuja sun gina gidaje, shi yana nan da allo da litattafai. Na tambaye shi me ya zaunar da shi, ya ce duk alƙalin da ka gani a kan kujera wani ne ya koyar da shi, in aka koyar da shi a karkace to a karkace zai yi hukunci har ya yi ritaya.

Shi ne ya ba ni tarihin marigayi Farfesa Ben Nwabueze, wanda ya rasu a watan Oktoba na 2023, kuma ni dai a duk hirar da ake yi a majalisarmu ta kasuwa ban ji ko mutum ɗaya ya ambaci rasuwar ba. Mutumin Atani ne a jihar Anambra, ya yi karatun lauya a Landan, ya dawo ya koyar a jami'ar Legas da ta Nsukka, ya je Zambiya ya shugabanci tsangayar shari'a a jami'arsu. Tsakanin 1973 da 1977 ya fitar da manyan litattafai uku, ɗaya a kan yadda ake ɗaure gwamnati da tsarin mulki a sababbin ƙasashe, ɗaya a kan mulkin shugaba mai cikakken iko a Afirka, ɗaya a kan matsayin kotuna, kuma a 1978 ya zama malamin jami'a na farko da aka ba muƙamin babban lauya na SAN. Abin da ya fi shafarmu shi ne yana cikin kwamitin da Janar Murtala ya kafa a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams, mutum 49 ɗin nan da suka tsara daftarin da ya zama tsarin mulkin 1979, wanda shi ya kawo mana tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, kuma na 1999 da muke kai yanzu kusan a kansa aka ɗora shi. A cikin kwamitin nan akwai namu Dakta Yusufu Bala Usman na jami'ar Ahmadu Bello, shi da Segun Osoba ba su yarda da abin da masu rinjaye suka tsara ba suka rubuta nasu rahoton daban. To ka ga ashe tun a ɗakin da aka rubuta abin ma gardama aka yi, ba wahayi ba ne.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai maganganun Nwabueze a kan siyasa da a kan Arewa waɗanda ban yarda da su ba ko kaɗan, ya daɗe yana sakataren ƙungiyar Ohanaeze ta ƙabilar Ibo kuma yana da ɓangaren da yake karewa. Amma abu ɗaya ya sa nake ganin girmansa, a ƙarshen rayuwarsa ya fito fili ya yarda cewa tsarin da suka yi ya tattara iko da yawa a hannun gwamnatin tarayya. Mutum ya kai wannan matsayi sannan ya dubi aikin hannunsa ya ce akwai kuskure a ciki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma mu ma fa muna da namu, ga Farfesa Auwalu Yadudu na jami'ar Bayero wanda ya yi karatu har Harvard, ya ba Janar Abacha shawara kan shari'a, ya shugabanci jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, Bahaushe ne da zai iya zama ya warware maka sashe-sashe da harshen da kakarka za ta gane.

Dalilin da ya sa nake ganin abin na gaggawa ne, 'yancin magana a ƙasar nan ba a kwance aka same shi ba, kuma yawancin yaranmu masu riƙe da waya ba su san tarihinsa ba. A 1961 kotun ƙoli ta wancan lokaci ta tabbatar da laifin tunzura jama'a a kan Chike Obi, malamin lissafi ne fa, saboda wata 'yar ƙasida da ya raba yana sukar gwamnati. Daga baya kuma Arthur Nwankwo ya rubuta littafi yana sukar gwamna Jim Nwobodo, kotun farko ta ɗaure shi, sai a 1983 kotun ɗaukaka ƙara a Enugu ta sake shi ta ce dokar tunzura jama'a da muka gada daga Turawan mulkin mallaka ba ta dace da tsarin mulkin 'yantacciyar ƙasa ba. Shekara ɗaya bayan haka soja suka kafa doka ta 4 ta 1984, aka ɗaure 'yan jarida biyu na Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Ka ga yadda abin yake, gaba ɗaya baya biyu. A zamaninmu kuma ga sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wanda da shi aka riƙa kama masu rubutu a waya, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. Ga rufe Twitter da aka yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ita ma kotun ta ce ba bisa ƙa'ida aka yi ba. Duk waɗannan a aji ake karantar da su da Turanci, a rubuta su a mujallun jami'a da Turanci, mai shayi da mai gyaran waya da 'yar aji shida da ke TikTok ba wanda ya ji.

Kuma kada a ɗauka ina cewa kowa ya faɗi abin da ya ga dama ne. Mu mutanen Jos mun fi kowa sanin abin da baki ke jawowa, mun ga 2001 mun ga 2008 mun ga 2010, mun san yadda jita-jita ɗaya ke tashi daga wannan unguwa kafin magariba an rufe kasuwa an sa dokar hana fita, mun binne mutane. Shi ya sa ma nake son masana su yi magana, domin shi kansa tsarin mulkin a sashe na 45 ya yarda a taƙaita 'yancin saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a da kare haƙƙin wasu. Matsalar ita ce ina iyakar take. Yanzu abin da ke faruwa, yaron da ya tambayi kansila ina aikinmu shi ke kwana a sel, wanda ya tura saƙon murya yana ingiza mutane a kan maƙwabtansu kuma yana yawo abinsa, saboda mu talakawa ba mu san bambancin ba balle mu tsaya a kai, wasu masu iko kuma sun fi son mu zauna a haka.

Na taɓa ce wa malamin nan, Malam me ya sa ba kwa rubutawa da Hausa? Ya ce in ya rubuta da Hausa a jarida ba a lissafa masa shi wurin ƙarin girma, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya nema. Na farkon ba a hannunku yake ba, na hukumomin jami'a ne kuma ina roƙonsu su duba, amma na biyun a hannunku yake Malam Edita. Jami'ar Jos na nan, ta Abuja na nan, ga Zariya ga Kano ga Sakkwato ga Maiduguri, ko'ina akwai tsangayar shari'a kuma akwai masu jin Hausa a ciki, Musulmi da Kirista, maza da mata. Ku ware musu ko rabin shafi ne duk mako, mai karatu ya aiko da tambaya su amsa, ku sa a shafinku na intanet yadda za a iya turawa a WhatsApp, in da hali a karanta da murya saboda irin yayata da ba ta karatun boko. Sannan in ɗayansu ya zama farfesa ko ya gabatar da lakcarsa ta kama kujera ko ya rasu, ku tura wakili ya rubuto mana abin da mutumin ya shafe shekara talatin yana bincike a kai, kamar yadda kuke yi wa 'yan siyasa da 'yan fim.

In kun fara, ga tambayata ta farko da nake so a miƙa musu. Wayar yaron nan sai da ta yi mako uku a hannun hukuma bayan an sake shi, an buɗe ta an karanta saƙonninsa har da na matar da zai aura, to shin doka ta yarda a buɗe wayar mutum ba tare da takardar kotu ba, kuma in ba ta yarda ba ina talaka zai kai kukansa?

Na gode, Allah ya ƙara basira, a gaida ma'aikata.

Naku mai karatu a kullum,
daga Anguwar Rogo, Jos.