Titi zai iya biyan kuɗin kansa, amma ina rajistar gidajen Gusau?

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in sa baki a maganar gyaran titunan cikin gari. Manyan hanyoyin Gusau kam an taɓa su tun da gwamnatin Dauda Lawal ta fara aikin sabunta gari a 2023, wannan ba mai musu, amma ka sauka daga kwalta ka shiga layukan Tudun Wada ko Samaru da damina ka gani, mai keke napep sai ya ƙara ma kuɗi kafin ya yarda ya shiga, wani ma ya ce sauka nan ka ƙarasa da ƙafa. Kuma kullum amsar ɗaya ce, ba kuɗi, a jira kason wata daga Abuja.

Akwai wata dabara da biranen Amurka ke yi, suna ce mata TIF, a jihar Kalifoniya anka fara ta a 1952. Za a shata unguwa guda, a duba nawa gidaje da shagunanta ke biya na harajin gida a shekara, a ce to wannan adadin an tsaida shi nan, zai ci gaba da shiga asusun hukuma yadda ya saba. Sai a ciwo bashi a yi titi da kwalbati da magudanan ruwa. In titi ya yi kyau darajar gidaje za ta tashi, harajin ma ya tashi, to wannan ƙarin da ya hau bisa tsohon adadin shi ake warewa a biya bashin da shi har ya ƙare. A ce misali unguwa na biyan miliyan 10, bayan aiki ta koma biyan miliyan 16, miliyan 6 ɗin nan ita ke biyan titi. A Chikago shekara 23 ake ba kowace unguwa tana cikin tsarin.

Gaskiya tunanin ya burge ni, don abin da ya ginu a kai mun san shi sarai. Duk layin da anka zuba ma kwalta a garin nan, kafin motocin ɗan kwangila su bar wurin dillalai sun ninka kuɗin fili, mai gida ya aiko ma ɗan haya cewa shekara mai zuwa akwai ƙari, gareji ya koma shago. Wato ƙarin darajar yana nan, ba tatsuniya ba ne, kawai dai aljihun mai fili da dillali yake faɗawa, kuma titin da ya jawo shi ko kwabo bai samu ba, shekara kaɗan ya fara farfashewa ba mai cike ramin.

To amma inda gizo ke saƙa, su can kowane gida na cikin littafi, an san mai shi, an san ƙimarsa, ana sake kimantawa lokaci lokaci. Mu fa? Gidaje nawa ne a Gusau ke da satifiket? Mafi yawa takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu, wasu gidan gado ne ba a ma raba ba. Ta ya za ka auna ƙari bisa abin da ba ka taɓa karɓa ba? Abin haushi kuma doka ta riga ta haɗa abubuwan biyu wuri ɗaya, jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora ma ƙaramar hukuma gyaran tituna da magudanan ruwa, kuma shi ya ba ta kimanta gidaje don karɓar haraji. Ga hukuncin kotun ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Legas tun 2001 ta haɗe harajin gida da na ƙasa ta mai da su abu guda, ko da yake da ta tsawwala a 2018 mutane sun yi ca sai da anka sassauta.

Su ma Amurkawan ba lafiya lau sunka sha ba. A Chikago an daɗe ana kukan cewa kuɗin da ya kamata su je makarantu suna maƙalewa a asusun TIF ɗin, kuma unguwannin da dama can suna bunƙasa su ke kwashe rabo mai tsoka. Kalifoniya da ta ƙirƙiro abin ita da kanta ta rushe hukumomin da ke gudanar da shi, wajen 400, da dokar 2011. Mu kuma muna da namu ƙarin ciwon, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, ga mutanen ƙauyuka da rashin tsaro ya koro cikin gari suna neman ɗakin haya ko nawa ne, kenan kuɗin gida na tashi ko an yi titi ko ba a yi ba, in ba a yi hankali ba talaka za a tatsa da sunan kwalta. Maganar bashi mai ruwa kuwa a Zamfara ba sai na faɗa ba, sai dai a bi hanyar sukuk, wato tara kuɗi ta tsarin Musulunci ba da ruwa ba, irin wadda gwamnatin tarayya ta tara naira biliyan 100 da ita a 2017 ta zuba a hanyoyi.

Ni shawarata kar a fara da bashi ko kaɗan. A ɗauki layin kasuwanci guda ɗaya mai shaguna da yawa, ZAGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Zamfara, da ƙaramar hukuma su ƙirga gine-ginen da ke bakinsa, a cire gidan da mai shi ke zaune ciki da iyalinsa, a sa ɗan abu bisa shaguna da gidajen haya da filayen da anka katange anka bari ana jiran su yi tsada. Kuɗin su zauna a asusu na daban da sunan layin, 'yan kasuwar wurin da mai unguwa su sa hannu kafin a fidda ko sisi, a liƙa lissafi a bangon masallaci duk wata uku. Ina roƙon 'yan majalisarmu na jiha masu wakiltar Gusau su kai maganar zaure, don su doka ta ba ikon yanke nawa za a biya.

Naku,
wani mai shagon kayan gini,
Tudun Wada, Gusau